Kwamfutarka ta sake ƙin tashi? Dakata kafin ka ce a yi mata fomat

Duk mai aiki da laftof ya san wannan allon. Ka danna maɓalli, tambarin kamfani ya fito, 'yan ɗigon nan su fara zagaye, sai ga rubutu a ƙasa: Preparing Automatic Repair. Ka zuba ido kana jira, ta mutu, ta sake kunna kanta, ta dawo inda ta tsaya. Wata rana kuma shuɗin allo ne zai tare ka da fuskar nan mai ɓacin rai da wasu lambobi a ƙasa. Yau ta tashi da ƙyar, jibi ta ƙi, mako mai zuwa ta sake. Kuma kamar da gangan, ba ta tashi yin haka sai saura kwana biyu a miƙa furojet, ko ranar da kwastoma ke jiran hotunan bikinsa.

Abin da yawancinmu ke yi sananne ne. Mu cusa ta a jaka mu nufi shagon gyara. Mai gyara ya kunna, ya kalli allon na daƙiƙa biyar, ya ce: "Ai Windows ɗin ne ya tafi, sai an yi fomat." Ka ce to, don hankalinka a tashe yake. Bayan awa biyu a miƙo maka kwamfuta tana tashi garau, amma fayau, ba komai a ciki. Babi uku na furojet, hotunan shekara huɗu, bidiyon da ka kwana kana tacewa, duk sun bi iska. Abin da ya fi ciwo shi ne bayan wata ɗaya ko biyu allon nan ya sake dawowa, a sake ce maka fomat.

Matsayar wannan shafi a bayyane take. Fomat shi ne mataki na ƙarshe, amma mun mai da shi na farko. Matsalar da ke tafiya tana dawowa tana da sanadi, kuma sau da yawa fomat ba ya taɓa sanadin ko kaɗan. An kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Windows da kansa yana ɗauke da kayan gyaran fayilolinsa, kyauta, kuma duk wanda ya iya buɗe shafin TikTok ya saka wa bidiyo sauti zai iya amfani da su.

Me ake nufi da fayil ya lalace?

Kafin ka ga hoton da ka saka a fuskar kwamfutarka, akwai jerin ayyuka da ke gudana cikin daƙiƙoƙi. Da farko wata ƙaramar manhaja da ke cikin jikin na'urar, wadda ake kira BIOS ko UEFI, ita ke farkawa ta duba sassa. Sai ta miƙa aiki ga mai tada Windows, shi kuma ya karanta wani ɗan kundi mai suna BCD, wanda ke gaya masa inda Windows yake zaune a faifan ajiya, wato had-disk. Daga nan a loda zuciyar Windows, fayil ɗin da ake kira ntoskrnl.exe, sai direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke haɗa Windows da allo da kibod da faifai da sauransu. A ƙarshe ne za ka ga wurin saka kalmar sirri.

Ka ɗauka leburori ne a layi suna miƙa wa juna bulo zuwa saman bene. Mutum ɗaya ya bar wurinsa, aiki ya tsaya, alhali siminti da yashi da ginin duk suna nan. Haka abin yake. Idan fayil ɗaya a cikin wannan layi ya ɓace, ko aka rubuta rabinsa aka bar rabi, ko wurin da yake zaune a faifai ya daina karantuwa, Windows zai tsaya cak. Amma takardunka da hotunanka suna can a foldarsu, ba abin da ya same su. Fomat ɗin da za a yi ne zai kashe su.

Lambobin da ke fitowa a allon ma ba ado ba ne, bayani ne. Idan ka ga 0xc000000f ko 0xc0000225, galibi kundin BCD ne ya samu matsala ko kuma an kasa gano inda Windows yake. INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE yana nufin Windows ya fara tashi sai ya kasa isa ga faifan da yake ciki. CRITICAL_PROCESS_DIED da 0xc000021a suna nufin wani aikin da Windows ba ya rayuwa sai da shi ya mutu. NTFS_FILE_SYSTEM yana nuna tsarin ajiyar fayiloli a faifan. Saboda haka abu na farko, kafin ma ka fara salati da kiran abokai: ɗauki wayarka ka ɗauki hoton allon. A sabbin sigogin Windows 11 allon ya koma baƙi maimakon shuɗi, amma har yanzu lambar tana nan a ƙasa.

Darasin 19 ga Yulin 2024

Idan kana ganin kwamfutarka ce kaɗai ke wannan hali, tuna abin da ya faru ranar Juma'a, 19 ga Yulin 2024. Kamfanin tsaron kwamfuta na Amurka mai suna CrowdStrike ya tura wa kwastomominsa wani ƙaramin fayil na sabuntawa da ke da kuskure. Cikin sa'o'i kaɗan kwamfutocin filayen jirgin sama da bankuna da asibitoci da gidajen talabijin a ƙasashe da dama suka faɗa shuɗin allo, suna mutuwa suna tashi. Kamfanin Microsoft ya ƙiyasta cewa na'urori miliyan 8.5 abin ya shafa. An soke dubban tafiye-tafiyen jiragen sama.

Mene ne maganin? A shiga Windows ta ƙofar gyara, a buɗe foldar direbobin kamfanin, a goge fayil ɗin da sunansa ya fara da C-00000291, a sake kunnawa. Shi ke nan. Fayil ɗaya ya kwantar da na'ura, cire fayil ɗaya ya tashe ta. Manyan kamfanonin duniya ba su ce a yi wa kwamfutoci miliyan takwas fomat ba, sun nemo fayil ɗin da ya yi laifi. To mu me ya sa muke yarda a share mana komai ba tare da an ma karanta lambar kuskuren ba?

Me ke lalata fayilolin tun farko?

Babban mai laifi a wajenmu shi ne ɗaukewar wuta. Da yawanmu laftof ta hannu muke saya, batirinta ya riga ya gaji, ba ta aiki sai a jikin caja. Ana ɗauke wuta ko janareta ya yi tari, sai ta mutu nan take. Idan a daidai lokacin Windows yana rubuta wani muhimmin fayil, musamman yana tsakiyar sabunta kansa, fayil ɗin zai tsaya rabi da rabi. Rubutun nan da ke cewa kada ka kashe kwamfutarka yayin sabuntawa ba wasa ba ne. Haka nan ɗabi'ar danne maɓallin kunnawa har ta mutu saboda kana sauri za ka shiga aji, ko rufe ta ka jefa a jaka tana cikin aiki. Sau ɗaya ko biyu za ka iya tsira, amma kullum ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Na biyu shi ne faifan da ya fara mutuwa. Tsohon faifai mai juyawa yana da ƙarfe da allura a ciki, kuma faɗuwa ɗaya daga kan benci ko jijjigar babur tana iya ji masa rauni. Wasu wurare a jikinsa sai su daina karantuwa, duk fayil ɗin da ya faɗa wurin ya lalace. Alamominsa: ƙarar ƙas-ƙas daga ciki, folda ta ɗauki minti kafin ta buɗe, kwafin fayil ya tsaya a tsakiya. Sabon nau'in faifai na SSD ba shi da abin da ke juyawa, ya fi jure jijjiga, amma shi ma yana tsufa, kuma akwai na jabu a kasuwa. Idan faifai ne ke mutuwa, ko sau goma aka yi fomat matsalar za ta dawo, domin sabon Windows ɗin ma a kan ruɓaɓɓen wuri aka ɗora shi.

Na uku, RAM da zafi. RAM shi ne teburin da kwamfuta ke baje aiki kafin ta adana. Idan yana da matsala, fayil mai lafiya zai shiga ya fito da kuskure, a adana shi a haka. Ƙurar hunturu tana toshe fanka, zafin Maris da Afrilu ya zo ya tarar da ita a toshe, ga shi kuma mun ɗora laftof a kan katifa mun rufe mata hanyar iska. Idan zafi ya yi yawa sai ta kashe kanta don kada ta ƙone, mu koma matsala ta farko.

Na huɗu, wanda ba mu son a faɗa: manhajojin sata. Windows ɗin da aka yi wa dabara, da 'yan manhajojin da ke buɗe Office ko Photoshop kyauta, da yawansu aikinsu ke nan, su taɓa fayilolin tsarin. Shi ya sa umarninsu na farko kullum shi ne ka kashe Windows Defender. Ka tsaya ka yi tunani: baƙo ya zo gidanka, sharaɗinsa na farko shi ne ka sallami maigadi. Wasu kuma suna zuwa da ɓarayin kalmomin sirri a ɓoye, su kwashe na Facebook da na imel da na banki. Akwai kuma Windows ɗin da wasu suka rage wa kaya wai don ya yi sauri a tsohuwar na'ura. Sau da yawa cikin abin da aka cire har da kayan da Windows ke gyara kansa da su.

Na biyar hannunmu ne. Bidiyon daƙiƙa talatin ya ce ka goge kaza kwamfutarka za ta yi gudu, kai kuma ka bi. Tsohuwar tsokanar nan ta intanet da ke cewa a goge foldar System32 har yau tana kama mutane, alhali wannan folda ita ce cikin Windows ɗin. Haka shafukan da ke cewa ka sauke fayil ɗin DLL ɗaya ka jefa a ciki, da manhajojin da ke alƙawarin share rajistar Windows. Microsoft da kansa ba ya goyon bayan amfani da irin waɗannan masu sharar. A bar kaza cikin gashinta.

Matakan gyara, ɗaya bayan ɗaya

Mataki na farko ba gyara ba ne, ceto ne. Kwashe kayanka tukuna. Idan kwamfutar tana tashi jefi-jefi, ranar da ta tashi kada ka buɗe fim, kwafe muhimman fayilolinka zuwa filash ko wani faifai na waje. Idan ba ta tashi sam, akwai hanya. Windows yana da ɗakin gyara da ke buɗewa da kansa idan tashi ya gaza sau biyu a jere, shi ne shuɗin shafin da ke da Advanced options. Idan kuma tana kaiwa wurin kalmar sirri, danne Shift ka zaɓi Restart, zai kai ka can. Shiga Troubleshoot, sai Advanced options, sai Command Prompt. A baƙin allon rubuta notepad ka danna Enter. Idan ya buɗe, je File, sai Open, ka canza nau'in fayil zuwa All Files. Za ka ga foldojinka, ka kwafa ka zuba a filash. Wata hanyar ita ce a ɗora Ubuntu a filash a tada kwamfutar da shi ba tare da an girka shi ba, ko a cire faifan a jona shi da wata kwamfutar.

A nan wasu za su ci karo da allon da ke neman mabuɗin BitLocker. Lamba ce mai alƙaluma 48, kuma laftof da yawa na zamani suna zuwa da wannan kulle a kunne ba tare da mai ita ya lura ba. Galibi mabuɗin yana cikin asusun Microsoft ɗin da aka fara shiga kwamfutar da shi. Shiga asusun ta wayarka ka nemo shi. In ma kwamfutarka lafiya take yau, je ka duba ka rubuta shi a takarda, domin idan babu shi, babu mai gyaran da zai iya buɗe maka fayilolinka.

Mataki na biyu, cire duk abin da ke jone: filash, firinta, katin ajiya, linzamin waje. Wani lokacin kwamfutar tana ƙoƙarin tashi ne daga filash ɗin da ka manta a jiki. Ka kuma shiga BIOS ka duba abu biyu: shin tana ganin faifan, kuma kwanan wata daidai yake? Idan kwanan wata yana komawa shekarun baya, ɗan batirin da ke riƙe saitin BIOS ne ya mutu, kuma rikicewar saitin kaɗai tana iya hana Windows ganin faifai. Canza shi ba ya da tsada.

Mataki na uku, a cikin Advanced options gwada Startup Repair. Idan matsalar ta fara ne bayan sabuntawa, zaɓi Uninstall Updates ka cire ta ƙarshe. Idan akwai wurin komawa da aka adana, System Restore zai mayar da fayilolin tsarin yadda suke kwanakin baya ba tare da ya taɓa takardunka da hotunanka ba. Idan duk ba su yi ba, shiga Startup Settings, ka sake kunnawa, ka danna 4. Wannan shi ne Safe Mode, inda Windows ke tashi da kayan da suka zama dole kawai. Idan ta tashi a nan, albishirinka: zuciyar Windows tana da rai, mai laifin wataƙila direba ne ko manhajar da ka saka kwanan nan. Cire ta.

Mataki na huɗu shi ne ainihin gyaran fayilolin. Idan ka samu shiga Windows, nemo Command Prompt, ka danna masa dama, ka zaɓi Run as administrator. Jona caja da intanet, sannan ka rubuta:

DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth

Idan ya gama, sai ka rubuta:

sfc /scannow

Ga dalilin jerin. Windows yana da rumbun da yake ajiye kwafin fayilolinsa masu lafiya, a foldar WinSxS. Aikin sfc shi ne ya bi fayilolin tsarin ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ya tarar ya lalace ya ɗauko mai kyau daga rumbun ya musanya. To idan rumbun kansa ya samu matsala fa? Nan DISM ke shigowa: shi ke gyara rumbun, yana sauko da sabbin kwafi ta hanyar Windows Update. Shi ya sa ake fara shi, kuma shi ya sa yake buƙatar data. Zai iya tsayawa a lamba ɗaya na tsawon lokaci kamar ya maƙale. Ƙyale shi, kada ka kashe.

A ƙarshe sfc zai gaya maka ɗaya cikin uku: bai ga matsala ba, ko ya gani ya gyara, ko ya gani amma ya kasa gyara wasu. Idan na ukun ne, sunayen fayilolin suna cikin wani rahoto mai suna CBS.log a foldar Logs ta Windows. Wanda kuma bai samu shiga Windows ba sam zai iya gudanar da sfc daga ɗakin gyara:

sfc /scannow /offbootdir=C:\ /offwindir=C:\Windows

Sai dai a lura, a ɗakin gyara harafin faifai yakan canza, Windows ɗinka yana iya zama a D maimakon C. Dabarar notepad ɗin nan za ta nuna maka harafin gaskiya.

Idan lambar kuskuren ta BCD ce, umarnin bootrec /rebuildbcd yana nemo Windows ya sake rubuta kundin, haka ma bcdboot C:\Windows yana sake ɗora fayilolin tashi. Idan kuma tsarin ajiyar faifan ne ya hargitse, chkdsk C: /f yana daidaita shi. Akwai chkdsk C: /r mai bin faifan gaba ɗaya yana neman wuraren da suka mutu, yana iya cin sa'o'i. Kada ka yi shi a kan faifan da ke ƙara sai ka kwashe kayanka, domin wahalar da zai sha tana iya ƙarasa shi.

Mataki na biyar, idan Windows yana buɗewa amma gyaran ya ƙi kammala: sauke Windows na asali daga shafin Microsoft, irin sigar da ke kan na'urarka, ka buɗe setup daga cikin Windows ɗin, ka zaɓi a bar maka fayiloli da manhajoji. Zai sake shimfiɗa fayilolin tsarin gaba ɗaya, kayanka na nan. Ƙasa da wannan akwai Reset this PC tare da zaɓin Keep my files, wanda ke barin takardunka amma ya cire manhajojin da ka saka. Ka ga matakai nawa ke nan kafin a kai ga fomat?

Ta tashi. Aiki bai ƙare ba

Nan ne yawancinmu ke yin sakaci. Kwamfuta ta tashi, sai murna, a koma kallon fim. Amma tambayar da ta fi muhimmanci ita ce: me ya lalata fayil ɗin? Idan sfc ya gyara yau, bayan mako biyu ya sake samun wasu sun lalace, to akwai abin da ke lalata su, kuma yana nan bai tafi ba.

Rubuta perfmon /rel a wurin bincike na Windows. Zai nuna maka jadawalin kwanaki da jan alama a duk ranar da wani abu ya faɗi, da abin da aka girka a ranar. Sau da yawa za ka ga matsalar ta fara ne daidai ranar da ka saka wata manhaja. A Event Viewer kuma, idan ka ga Kernel-Power mai lamba 41 yana ta maimaituwa, kwamfutar tana mutuwa ne ba ta hanyar da ta dace ba, sai ka duba batir da caja da zafi. Idan ka ga saƙon Disk mai lamba 7, faifan yana da wurin da ya mutu. Manhajar CrystalDiskInfo kyauta ce, tana karanta rahoton lafiyar da faifan ke ajiyewa da kansa. Idan ta nuna Caution ko Bad, fara tara kuɗin sabon faifai yau. Don gwada RAM, rubuta mdsched ka bar ta ta sake kunnawa ta yi gwajin.

Abin da gwajin ya nuna shi za ka magance. Batir ya mutu, a canza shi, ko aƙalla kada ka bar Windows ya fara sabuntawa sai kana da tabbacin wuta. Mai kwamfutar tebur ya nemi UPS. Faifai ne, a sa SSD mai kyau, wanda zai ma ƙara wa tsohuwar na'ura sauri. Ƙura ce, a buɗe a share fanka. Manhajar sata ce, a rabu da ita: LibreOffice da Google Docs suna rubutu kyauta, GIMP yana gyaran hoto, DaVinci Resolve yana da sigar kyauta ta tace bidiyo ga wanda na'urarsa ke da ƙarfi.

Ga 'yan uwanmu masu gyara

Adalci shi ne a faɗi nasu uzurin. Bincike yana cin lokaci, kwastoma kuma yana tsaye a kai yana cewa sauri yake, kuma ba ya son biyan kuɗin aikin da bai gani da ido ba. Fomat awa ɗaya ne, kuɗinsa sananne. Akwai kuma lokacin da fomat ɗin shi ne daidai: idan ƙwayar cuta ta yi wa na'ura katutu, ko Windows ɗin tun asali na dabara ne, ko an sa sabon faifai. Kuma akwai masu gyara na ƙwarai da ba sa taɓa komai sai sun tambaye ka abin da ke ciki.

Duk da haka, wanda aka miƙa wa kwamfuta an miƙa masa amana ne. Goge aikin shekara na ɗalibi ba tare da an gaya masa akwai hanyar kwashewa ba, ba ƙaramin abu ba ne. Mu kuma masu kai gyara mu daina tsayawa kamar baƙi a kan kayanmu. Malam, tambayi mai gyara: me lambar kuskuren ke nufi? Ka duba lafiyar faifan? Za ka kwashe min fayilolina kafin ka taɓa komai, kuma nawa ne? Wane Windows za ka saka min, daga ina ka samo shi? Wanda ya san aikinsa ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba. Idan ya ce bincike yana da kuɗinsa, biya shi, ya fi maka arha a kan fomat uku. Sannan ki kula, 'yar uwa, kai ma haka: hotuna da takardun sirri da asusun da ke buɗe a burauza duk suna hannun wanda ka bar wa na'urar. In da hali a yi aikin a gabanka.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Duk wannan tashin hankali yana raguwa ne idan fayilolinka suna da kwafi a wani wuri. Masana ajiya suna da ƙa'idar da suke kira 3-2-1: kwafi uku, a kan nau'in ma'aji biyu, ɗaya a wani wuri daban. Ga ɗalibi, ma'anarta mai sauƙi ce: ɗaya a laftof, ɗaya a filash, ɗaya a intanet. Duk mai asusun Gmail yana da gigabait 15 kyauta da Google ke ba shi, OneDrive kuma yana ba da 5. Furojet ɗinka gaba ɗaya bai kai girman bidiyo biyu na WhatsApp ba. Ko tura wa kanka shi ta imel duk daren da ka yi aiki a kai ya wadatar. A kula da filash ɗin jabu masu nuna girman da ba su da shi, suna karɓar fayil su lalata shi shiru. Araha ba ta ado.

Ka kuma samu filash mai gigabait 8 ko fiye, ka yi amfani da Media Creation Tool na Microsoft ka mai da shi na tada Windows, ka ajiye. Ranar da ɗakin gyaran cikin kwamfutar ya ƙi buɗewa, da shi za ka shiga. Ku haɗu ku biyar a ɗaki ko a aji ku yi guda ɗaya, ya ishe ku. Ka duba ko System Restore a kunne yake, don a na'urori da yawa a kashe yake zuwa. Sannan masu Windows 10 su sani cewa tallafinsa na yau da kullum ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025. Wanda na'urarsa ta cika sharuɗɗan Windows 11 ya hau, wanda tasa ba ta cika ba ya fara tunanin mafita ta halal, ko da Linux ce, maimakon ya faɗa hannun masu Windows ɗin dabara.

Mu ne ake kira 'yan zamanin intanet. Muna gane labarin ƙarya, muna tace bidiyo a waya, muna kasuwanci ta Instagram. Bai kamata a ce allo ɗaya mai rubutun Turanci ya sa mu sallama aikin shekara guda ba. Laftof a yau jari ce, wasu sai da iyaye suka sayar da wani abu kafin a saya musu. Idan taka ta sake ƙin tashi, ɗauki hoton lambar, kwashe kayanka, bi matakan nan a jere, sannan ka nemo abin da ya jawo. Wanda tasa ke lafiya kuma, kada ya jira gobe: ya buɗe Google Drive a daren nan ya ɗora furojet ɗinsa.